Tagar Baba Nu'uman

Lemo, takunkumin fuska goma, da na'urar auna hayaƙi da na zo da ita daga Malesiya. Su na riƙo zan duba Baba Nu'uman, maƙwabcinmu a Ƙofar Kwaya, mai fama da asma.

A bakin titi na same shi bisa tabarma, kurkura masu ƙafa uku da babura suna ta wucewa. Bayan mun gaisa na nuna masa na'urar.

"Baba, kun ga ta yi ja. Mai asma ba ya zama nan. Mu koma ɗaki."

"To, Injiniya." Ya miƙe da ƙyar.

A ɗakin, lambar da na'urar ta nuna ta ninka ta titi. Na leƙa taga. Janaretona ne ke turo hayaƙi ta saman katangar da ta raba mu.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun dawowarka. Mahaifinka aminina ne, da wane baki zan ce ɗansa ya zauna cikin zafi? Ai titin ma akwai iska."

Na ajiye lemon na fita, ban iya kallonsa ba. Na kashe injin, na ja ƙofar rumfarsa na sa kwaɗo. Janareton ba zai sake tashi ba sai na raba shi da katangar nan.