Katako Ɗaya, Kanta Uku

Shekara ashirin Kafinta yana sana'a, amma lissafinsa bai taɓa wuce rabi ba. Ya ninka igiyar awo gida biyu, ya ja fensir, ya sa zarto, shi ke nan. Wanda ya kawo aikin da ba ya rabuwa biyu, sai ya ce masa bai san abin da yake so ba. To, sai Allah ya ba shi 'ya'ya mata uku, ɗakinsu ɗaya, kantar kayan shafarsu ɗaya.

Faɗan kantar nan ya kai matarsa maƙura. Da safe ta tsaya a ƙofar shago, hannu a ƙugu.

"Baban yara, kanta uku nake so, kowace daidai da 'yar'uwarta. Rana ta take ba ka gama ba, wallahi Dogo zan kira."

Dogo! Kafintan tsallaken titi, wanda ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba. A ce Dogo ya shigo masa gida da guduma? Nan da nan ya ɗauko zarto.

Katako ɗaya ya rage masa, dogo mai kyau. Ya raba shi biyu, ya kira 'ya'yan, ya miƙa wa babbar rabi, ya sake raba ɗayan wa ƙannen.

"Baba, ta Yaya ta ninka tamu!" in ji autar.

Ya fizge ta babbar, ya raba biyu. Yanzu gutsure huɗu, yara uku. Ta tsakiyar ta ce kanta ce wannan ko faranti, kuma na huɗun na wa? Ya ce kowa zai samu ƙari. Ya raba na huɗun biyu, bai isa ba. Ya sake rabawa, huɗu kuma, ɗaya ya yi saura. Kai, jama'a! Haka ya yi ta yi, gumi na ɗiga daga hancinsa, har saura ya koma kamar tsinken ashana, yaran kuma suna jiran rabonsu a ciki. Da ya zo haɗa gutsattsarin da ƙusa, duk suka tsattsage.

Matar ta ɗauki igiyar awon daga ƙasa, ta ninka ta gida uku, ta daidaita bakin.

"Ga shi, ɗaya bisa uku. Kullum a gabanka nake ninke tawul haka."

Ya daɗe yana kallon igiyar, kunya ta rufe shi. Ga inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa, ga babu sauran katako, ga matar ta fara neman takalminta za ta kira Dogo.

Sai ya ɗaga kai. Allon sunan shagonsa yana can a saman ƙofa, wanda ya fente da hannunsa ranar da ya buɗe. Ya hau benci ya kwance shi, ya auna da igiyar, ya yanka wuri biyu. Kanta uku suka fito cif, har autar ta karɓi tata ba ƙorafi.

Ya fito yana karkaɗe garin katako, sai Dogo ya ɗaga murya daga tsallake.

"Maƙwabci, ina allonka? Ko ka bar sana'ar ne?"

"Yana ciki," in ji Kafinta. "Kowace yarinya ta ɗauki ɗaya bisa uku, sun ɗora man shafawa a kan sunana. Amma kai dai ba ka taka min gida ba."