Golmo da Furfura

Sandra ba ta gama ciro jakarta daga bayan mota ba wayarta ta sake yin ƙara. Ba sai ta duba ba. Tun tasowarta daga Birnin Kebbi yayanta Prosper ya kira ta sau huɗu daga barikinsu da ke can gabas.

"Kin isa Zuru?"

"Yanzun nan. Ina tasha."

"Kada ki tsaya gaishe-gaishe. Ki nemi mutumin nan, ki gaya masa ya fita daga gonar babanmu. Da ina da hutu da ni zan zo da kaina."

"Na ji, Yaya."

Kwana uku ke nan da ƙanen mahaifinsu, Baba Danjuma, ya buga wa Prosper waya. Ya ce wani kafinta mai suna Solomon ya mayar da gidansu wurin zuwa, har a coci ana nuna shi da mamansu da baki, kuma ya shiga gonar marigayi yana nomawa kamar tasa. Mahaifinsu, Saja Ezekiel, ya rasu a bakin aiki shekara bakwai da suka wuce. Bai bar musu wani abin kirki ba sai gida mai ɗaki uku da wannan gonar ta gindin dutse. Saboda haka Sandra, da ke koyarwa a wata firamare, ta kulle ɗakinta da asubahin Asabar ta hau mota.

Ba ta biya gida ba. Ta san a irin wannan lokaci Mama Beatrice tana kasuwa, a layin masu markaɗe, inda take da inji tun suna yara. Kasuwar ta caɓe da ruwan jiya, tana tafe tana tattare siket tana zaɓen wurin taku. Tun kafin ta hango rumfar ta ji dariya ta keto ƙarar injuna, sai ta tsaya cak. Dariyar mamanta ce. Rabon da ta ji ta haka, mai ƙarfi har da tafa hannu, ta manta.

Mama tana tura jiƙaƙƙen wake cikin bakin inji, wata mata tana ba ta labari. Ta yi sabon kitso, ta ɗan ciko a kumatu. Maimakon Sandra ta yi murna, sai ta tsuke fuska ta ƙarasa rumfar.

"Sandra? Lafiya, babu ko waya?" in ji Mama, ta kashe injin.

"Lafiya lau, Mama. Zuwa na yi mu yi magana."

Mama ta dube ta tun daga kai har ƙafa, ta goge hannu da gefen zane. Mata biyar ne a layi da bokitai, kowace ta kasa kunne.

"Prosper ne ya turo ki."

"Ni ma ina da ido da kunne."

"To. Kin ga layi, ba zan bar mutane tsaye ba. Wanda kike nema yana gona tun safe. Ajiye jakar nan, ki je ki gan shi da idonki. In kin dawo sai mu yi maganar."

Ta ja igiyar injin, ƙara ta sake cika rumfar.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. A hanya ta shirya kalamanta tsaf: ba zagi, ba ɗaga murya, magana uku kawai ta juya. Amma da ta zagayo dutsen sai ta ɗauka ɓatan kai ta yi. Zuwanta na ƙarshe, shekara uku baya, wurin nan ciyawa ce da ƙaya har ƙugu. Yanzu dawa ce koriya shar ta kai mata kafaɗa, kunyoyi a miƙe kamar an ja su da zare, wake yana yaɗo a tsakani.

A can ƙarshen gonar wani mutum yana duƙe da garma. Ta yi tsammanin ganin ɗan gayu mai tumbi da agogo. Wanda ya miƙe siririn dattijo ne, kansa fari fat, singiletinsa ta jiƙe da gumi, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Ya dafa ƙugu kafin bayansa ya gama miƙewa.

"Sannu da aiki," ta ce, don bakinta ya riga ta.

"Yauwa, sannu da zuwa. Ke ce Sandra. Goshin mamanki ne da ke."

"Kai ne Malam Solomon?"

"Ni ne."

"Wa ya ba ka izinin noma gonar nan?"

Bai ɓata rai ba. Ya jingine garmar, ya share fuska da tafin hannu.

"Mamanki na roƙa, ta ce in ina iyawa. Amma kin yi daidai da kika tambaya, gonarku ce. Ki bari in sha ruwa, maƙogwarona ya bushe."

Ya nufi wani ɗan guntun sabara da inuwarsa ba ta kai faɗin tabarma ba, inda ya ajiye gora da takalmansa, ya tsuguna rabin jikinsa a rana. Taku ashirin daga nan ga ƙatuwar ɗorawa mai inuwa lumshi, da faffaɗan dutsen da babanta ke zama a kai in ya zo hutun damina. An share gindinta fes, ko tsinke babu.

"Ga inuwa can, me ya sa kake zama a rana?"

"Mamanki ta ce nan Saja yake hutawa. Ina sharewa dai. Ban ga ya kamata in zauna ba tukuna."

Sandra ta kau da kai ta dubi dutsen. Maganganu ukun da ta shirya suka watse, ta rasa ta farko. Ta yi gyaran murya.

"An ce gonar kake so."

"Na ji ana faɗa." Ya rufe gorar. "Ina da tawa a Danko, ɗana ke noma ta, ta ishe mu. Abin da aka girbe a nan bara yana rumbun mamanki, ko zangarniya ɗaya ban kai gidana ba."

Sai ta tuna buhun dawar da Mama ta aika mata lokacin Kirsimeti. Har ta raba wa abokan aikinta tana alfahari, wai dawar gonar babanta ce. Ba ta taɓa tambayar wanda ya noma ba.

"To don me? Mutum da shekarunka, da sana'arka?"

Ya yi murmushi, ya ɗan sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

"Kin san golmo?"

Ta sani. Wa ya tashi a ƙasar nan bai san noman da saurayi ke yi wa iyayen budurwa damina bayan damina kafin a ba shi ita ba? Kakanta ya sha ba su labarin nasa.

"Golmo na samari ne," ta ce. "Kuma iyayen mace ake yi wa."

"Haka ne. Iyayen mamanki sun riga mu gidan gaskiya. Na duba na duba, na ga ke da Prosper ku ne iyayenta yanzu, gonar kuma taku ce. Ban iya daɗin baki ba, Sandra. Matata ta rasu shekara biyar ke nan, na zauna ni kaɗai da katako da ƙusa. Da na ga mamanki na ji ina son in sake cin abinci da mutum a gefena. Abin da na iya shi ne aiki, sai na ce bari in yi wanda za a gani da rana tsaka."

Ya faɗe shi a hankali, babu roƙo a ciki. Ta dubi hannuwansa. Tafin ya yi kanta, babban yatsan dama ya tsage an ɗaure shi da tsumma.

Ya tashi ya ce ta zo ta ga wani abu. Suka bi gefen gonar ta gabas, inda aka dasa bini-da-zugu a jere, sun kai gwiwa.

"Ki san wannan layin, ki kuma nuna wa yayanki. Da na fara aiki na tarar maƙwabci ya shigo da kunya goma sha biyu cikin taku, a shekarun da ba a noma ba. Ban yi faɗa da kowa ba. Mamanki ta kira mai unguwa da dattawan da suka san iyakar, suka nuna, ni kuma na dasa a gabansu."

Bai ambaci suna ba. Ba ta kuma buƙata. Tun tana goye ta san gonar da ke gabas da tasu ta Baba Danjuma ce.

Ta daɗe tsaye tana kallon 'yan itatuwan. Hadari ya fara haɗowa ta bayan duwatsu, iska tana kaɗa ganyen dawa.

"In muka ce ba mu yarda ba fa?" ta ce.

"Sai in ƙarasa huɗar nan, don ba a barin dawa da rabin aiki. In aka girbe in kai rumbu, in koma shagona. Ba zan raba uwa da 'ya'yanta ba." Ya ɗaga kai ya dubi sama. "Ki kama hanya kafin ruwan nan ya sauko. Saura kunya huɗu in tashi."

Ta yi taku kaɗan, ta dawo. Ta ɗauki gorarsa da takalmansa daga gindin sabarar, ta kai su kan dutsen da ke ƙarƙashin ɗorawa ta ajiye.

"In ka gama ka huta a nan, Baba. Ranar ta yi yawa."

Ya gyaɗa kai sau biyu, ya koma ga garmarsa.

Ruwan ya same ta a ƙofar gida. Mama ta riga ta dawo, tana zaune a baranda tana gyaran yakuwa a faranti, tukunya na tafasa a kan murhun gawayi. Sandra ta sauya kaya, ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita, ta sa hannu a farantin. Ruwa yana ta dukan kwanon rufi.

"Kin gan shi?"

"Na gan shi."

"To?"

"Me ya sa ba ki gaya mana ba, Mama? Damina biyu."

"In na kira ki kina gyaran takardun yara. In na kira yayanki yana daji. Kuna tambayata ko na ci abinci, ko ƙafar ta daina ciwo, shi ke nan. Babu wanda ya taɓa tambayata da wa nake hira in na dawo kasuwa." Ba da zafi ta faɗa ba, idonta na kan ganyen. "Kuma ina jin nauyinku. Na san yadda kuke son babanku. Ni ma ban daina ba."

Sandra ta ji idonta ya cika. Ta tuna yadda take kashe waya da sauri ran Lahadi, tana cewa sai an jima, Mama, ina da aiki. Ta share fuska da bayan hannu.

"Mutumin kirki ne," ta ce. "Ban zaci haka ba. Ni dai na yarda, Mama. Yaya kuma ki bar ni da shi, zan shawo kansa. Kuna iya sa rana."

Mama ta ajiye ganyen da ke hannunta, ta juyo ta dube ta sosai. Gefen bakinta ya motsa.

"Kin yarda."

"Na yarda."

"Na gode. Amma wa ya gaya miki izininku nake jira?"

Sandra ta saki baki.

"Shi ne yake jiran ku, don shi mutum ne mai kunya. Ni ban ma ce masa to ba tukuna." Mama ta ci gaba da tsinke yakuwarta. "Lokacin babanku ina da shekara goma sha tara. Ina son sa, amma kafin in buɗe baki iyayena sun riga sun amsa, sai ga ni a bariki. Wannan karon bakina ne. Yana zuwa da yamma ya zauna can a kan benci, ya tambaye ni yadda kasuwa ta kasance, ya saurara har in gama. Ba na gaggawa. Ranar da na ga dama zan faɗa."

"Amma za ki faɗa?"

"Wataƙila bayan girbi," in ji Mama, tana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Wayar Sandra ta yi ƙara a kan tabarma. Sunan Prosper ne. Ta ɗauka ta riƙe, tana neman ta inda za ta fara, har ta kusa katsewa. Mama ta goge hannu ta miƙo tafinta.

"Kawo nan. Ke je ki duba tukunyar, ki ƙara ruwan tuwo, mu uku ne yau."

Sandra ta miƙa mata, ta tashi ta nufi murhu. Tana ɗaga murfin tukunyar ta ji muryar mamanta a bayanta, a natse.

"Prosper, ba Sandra ba ce, mamanka ce. In kana tsaye nemi wuri ka zauna. Ni zan yi magana, kai kuma ka saurara."