Doguwar da ke cikin wayar Ja'afar

Ƙanena Ja'afar yana da doguwa. Ba a kansa take ba, a cikin wayarsa take, kuma ya fi kula da ita a kan shagonsa na kayan babur da ke bakin tashar Dogon Dutsi.

Wasan waya ne da mutane da yawa ke yi a garin, har da ni idan na taso daga lekol inda nake koyarwa. Da farko za ka zaɓi ko wane ne kai: mai takobi, ko maharbi, ko mai magani, ko mai kiran iskoki. Duk lokacin da ka hau nivo, wato mataki na gaba, sai a ba ka maki, ka zuba inda ka ga dama. Tsafin kowa a jere yake kamar itace mai rassa, ba ka isa ka taɓa na sama ba sai ka buɗe na ƙasa. To Ja'afar, mai gemu da ɗangalallen wando, wanda ba ya wuce mai goge bai ja tsaki ba, shi ne ya zaɓi mai kiran iskoki.

Da wani ɗan aljanin wuta ya fara, wanda bai fi kaza girma ba. Daga nan ya buɗe na inuwa, ya buɗe na guguwa. Can a ƙolin itacen akwai wata mace doguwa mai farin lulluɓi, wadda ba ta fitowa sai ka ba ta rabin jininka. Sunanta na Faransanci ya yi wa bakin mutane nauyi, sai kowa ya koma ce mata Doguwa. Don ya kai gare ta, Ja'afar bai zuba ko maki ɗaya a ƙarfin jiki ba, komai a tsafi ya tura. Mutumin nasa ya zama kamar karan gero, ɓera ma ya ture shi sai ya faɗi. Tun kafin ruwan farko yake wannan bauta har aka yi girbi. Ranar da ta fito masa, mai saye ya bari tsaye da buji, wato fulogin babur, a hannu, ya kira ni a waya yana ihu kamar wanda aka yi wa bushara da kujerar Makka.

Ana haka matarsa Karima ta haifi ɗa namiji, na fari. Ana gobe suna da hantsi Inna Sahura ta iso daga Lugu, ta sauka gidana. Ƙanwar mahaifiyarmu ce. Uwarmu ta rasu Ja'afar yana cikin tsumma, Inna ce ta goya shi, ita ta sha kashinsa da fitsarinsa. Ƴar bori ce, ba ta taɓa ɓoyewa ba, kuma tana sallarta. Ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta ce in sanar da yaron ta zo, don kada ta faɗa masa gida ba sallama.

Na same shi a zauren gidansa yana gyara tabarmin gobe. Da na gaya masa, bai ko ɗago ba.

"Yaya Fadila, ki ba ta haƙuri. Gobe malammanmu na zuwa. Ba ni son su ishe ta cikin gidana."

"Su ishe wa?"

"Kin san wadda nika nuhi."

"Hwaɗi sunanta, in kana da kunya."

Ya ƙi. Ya ce mai hulɗa da iskoki ba za ta ɗauki ɗansa ba, ba za ta tofa masa komai ba, kuma shi ba ƙin ta yake ba, addini yake karewa. Yana maganar wayarsa na caji a gefen tabarma, Doguwa tsaye a fuskar wayar, lulluɓinta na kaɗawa. Shi ne ya sa ta a can da hannunsa don duk wanda ya kalla ya san ya kai.

Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Na ɗauki wayar na sa masa a gaban hanci.

"Wagga hwa, ɗiyar limamin ina ce? Wa ka ba ta jininai sahe da marece?"

"Wanga ai wasa ne, Yaya."

"To madalla. Gobe in malammai sun zamna, sai in buɗe musu wasan su sha kallo. Sunanka ne a kai ƙiri-ƙiri, Ja'afar Dogon Dutsi, mai kiran iskoki. Ko Inna ta shigo ta ɗauki jikanta, ko su gani. Zaɓi guda."

Na ɗauka na gama da shi. Na san yadda yake tsoron bakin abokan masallacinsa, na kuma san yadda yake son matar nan ta waya. Lissafina shi ne ba zai iya rabuwa da ko ɗaya ba, dole ya buɗe wa tsohuwa ƙofa.

Ya karɓi wayar, ya zauna. Sai na ga yatsansa na tafiya. Ya kai mutumin nasa kasuwar cikin wasan, wajen wani tsoho mai sayar da ruwa a kwalba. Ruwan nan, idan ka sha, duk makin da ka taɓa zubawa sai ya dawo hannunka, ka zama ba kowa ba, ka sake zaɓen abin da kake so. Wasan ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya danna i.

Ina tsaye a kansa rassan suka riƙa mutuwa daga sama zuwa ƙasa. Doguwa ta ɓace, guguwa ta bi ta, inuwa ta bi, har ɗan aljanin wutar. Sai ya zaɓi mai takobi, ya bi reshen da ake ce wa mayaƙin haske, mai farin sulke, wanda aikinsa ƙona iskoki. Ya kwarara makin nan gaba ɗaya, bai ko tsaya karanta abin da yake buɗewa ba. Shayin da aka ɗora a ƙofar gida bai tafasa ba ya gama zama waliyyi.

Da ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na gani. Tun da muka fara maganar Inna idon nan a bushe yake, sai yanzu.

"Ga shi, na tuba," in ji shi. "Ita ma ta tuba, sai ta zo."

Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina ƙanena a wannan lokacin ba. Shi a ganinsa har sadaukarwa ya yi, yana jira in yaba masa. Na sa takalmina na fito.

A gida na tarar da Inna zaune a bakin tabarma, ta riga ta yafa gyale, takalminta a gabanta. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta sauke gyalen ta ninke.

"Ya ce a'a ko?"

"Inna, mahaukaci ne. Tashi mu tai, ni ka shiga da ke, in ga wanda ka hana."

"A'a. Gidanai ne. Ba ni ɓata mashi taro."

Ta tambayi lafiyar mai jego, ta tambayi ko cibiyar yaron ta faɗi. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo wani buhu da ta zo da shi. Gero ne na gonarta, ta surfe ta bushe da kanta, don furar suna.

"Ki kai ma Karima. Kar ki ce daga Lugu yah hito, sai shi hana a dama."

Ba ta yarda ta kwana ba. Na raka ta tasha bayan la'asar, muka wuce ta gaban shagon Ja'afar da ke rufe, ta tsaya ta kalli allon sunansa, ko da yake ba ta iya karatu ba.

Washegari aka raɗa wa yaro Abdurrahman. Malamai suka cika zaure, aka kawo fura a manyan ƙorai. Suka sha, suka ƙara, wani mai jan gemu ya ce rabon da ya sha gero mai albarka irin wannan har ya manta. Ja'afar ya ce alhamdu lillahi, ya miƙa ludayi aka ƙara masa.