Nakiyar Inna Haske

Akushin ya sake dawowa ta kan darni bayan azahar, ina zaune ina ɗaure igiyar takalmina zan koma biro, ofishin da nake aiki. Hannu kawai na gani, siriri, jijiyoyinsa duk a waje, yana riƙe da shi ta wurin da karan ya karye.

"Balkisu, amshi kayanki," in ji muryar Inna Haske daga wancan gefe. "Hannuna ya gaji."

Matata ta yar da tsintsiya, ta je ta karɓa da hannu biyu, har tana rusunawa kamar tsohuwar tana ganinta. Ta ɗaga faifan da aka rufe akushin da shi, sannan ta dube ni. Ban tashi ba, amma ƙamshin ya iso ni: zuma, man shanu, citta. Nakiya ce, an dunƙula ta ƙanana an jera.

"Inna, tuwo na kawai munka aiko maki," in ji Balkisu. "Tuwo da miyar kuka. Mi ya kai ki ga wagga wahala?"

"Tun ba a haihi uwarki ba nike dakan nakiya. Ina ƙawata?"

Ƙawar tata ita ce 'yarmu Safi, wadda ba ta daɗe da fara haɗa magana ba. Ta fito da gudu ta leƙa ta kafar darnin.

"Ke mummuna, ci ki yi ƙiba," in ji tsohuwar. "In kin rame wa za ya aure ki?"

Muka ji takunta tana komawa ɗaki, tana jan ƙafa, tana tsayawa.

Ya kamata in bayyana abin da ya sa wannan kyauta ta tayar mana da hankali. Shekarar fara ce. Ta sauka a kan gero yana gab da nuna, ta bar gonakin Kurfai kara tsaye. Kafin rani ya raba, mutanen ƙauyuka sun fara shigowa Filinge suna neman dusa. Ni kuwa ina da takardar gama lakwal, wato makarantar boko, ta Yamai, ina aikin rubutu a biron kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasarmu, saboda haka tukunyarmu ba ta daina hawa murhu ba. Inna Haske ba ta da kowa. Mijinta ya rasu tun ina yaro, ɗanta Sahabi ya tafi Kurmi cin rani, labarinsa ya yanke. Ita ce mai yi wa unguwarmu kayan zaƙi na biki da suna. Shinkafa baƙuwa ce a ƙasarmu, don haka da gero take yin nakiyarta: ta soya shi sama-sama, ta daka, ta tankaɗe, ta sake dakawa da zuma da mai har sai ya kama jikinsa. Ranar da gardi, dogarin kumandan, ya zo tafiya da ni lakwal, uwata tana kuka a ɗaki, Inna Haske ce ta biyo mu har bakin gari ta ɗaura mini ƙunshin nakiya a wuya. Ita na riƙa gutsura a Yamai, a ɓoye, har ta ƙare.

Da na ga tana ramewa, sai na ce wa Balkisu ta riƙa zuba mata abinci a akushinmu mai kyau, na baƙi, domin kada ta ji an raina ta. Na yi tunani a kan akushin ƙwarai, amma ban yi tunani a kan dawowarsa ba. Tsakanin maƙwabta a garinmu, ba a mayar da kwano fanko. Wasu sukan jefa goro ɗaya ko 'yar kuka, a wuce wurin. Inna Haske ba ta taɓa mayar da kwanon kowa da abin da bai fi wanda aka aiko mata ba.

Da na dawo da yamma na tarar da Balkisu zaune, akushin yana gabanta.

"Malam, na leƙa ta ɗazu," ta ce. "Rumbunta ta share shi tas. Tulun iri ta buɗe."

"Irin shuka?"

"Shi na. Kowane tuwo munka aika, sai ta ɗebi abin da ya hi shi ta daka muna. Ga dakan kansa. Tana ɗaga taɓarya tana hutawa."

"To mu daina aikawa."

"Ta ci mi?"

Idan mun aika, ta ƙarar da abin da ya rage mata, da ƙarfin da ya rage mata. Idan mun daina, yunwa ta ƙarasa ta muna ji ta bayan darni. Na yi ta juya maganar kamar lissafin da aka ba ni a allo, ina tsammanin akwai hanyar da ban gani ba.

"A naɗe mata a ganye," na ce. "Babu kwano, babu abin mayarwa."

"Kamar mai bara? Malam, kana son ta daina gaida mu?"

Dabarar da na yi ta biyu tawa ce ni kaɗai. Na zuba gero a ƙaramin buhu, na ajiye a ƙofar zaurenta lokacin da na san tana sallar asuba, na wuce masallaci. Da na dawo na same ta zaune a ƙofar gidanmu, buhun yana gefenta. Yadda ta jawo shi har nan, ban sani ba.

"Ibrah," ta ce, "ina kwana?"

"Lahiya lau, Inna. Kin tashi lahiya?"

"Wani bawan Allah ya yar da kayansa ƙohwata. Ni ban iya karatun Annasara ba, amma ga rubutunsu jikin buhun. Unguwag ga wa ka shiga bariki in ba kai ba?"

Na durƙusa a gabanta. Na yi mata magana a hankali, da kalmomin da na zaɓa. Na tuna mata ƙunshin da ta ɗaura mini a wuya, na ce ɗa ba ya yi wa uwarsa sadaka, haƙƙinta ne.

"Ɗa a cikin kwano shike kawo ma uwatai," ta ce. "Da rana, kowa na gani. Wanga na asuba, a ɓoye, sunansa daban. Ɗauki abinka, ɗan lakwal. Aje shi. Ranar da anka kai ni, ku yi gumba da shi ku raba ma yara. Rannan ba ni da bakin ƙi."

Ta kama sandarta ta miƙe, ba ta yarda na taimaka mata ba.

Balkisu ce ta samo hanya ta uku. Ranar Lahadi biro a rufe yake, kuma mun saba fita da Safi zuwa kwarin da ke ƙasan gari, inda mahaifin Balkisu yake da rijiya da 'yar inuwar gawo. Mukan tafi da fura, mu wuni, mu dawo da la'asar.

"Abincin gona ba bashi ba na," in ji Balkisu. "Kowa ya iske ana ci, sa hannu shikai, ya wuce. Ba wanda ka mayar da ƙwarya. Mu tahi da ita."

"Za ta yarda?"

"In munka ce taimako mukai mata, a'a. Ce mata ni ban san wurin da yaɗiya take ba, ta zo ta gwada min."

Haka na je na faɗa, ina jin kunyar ƙaryar a bakina. Ta daɗe tana kallona.

"Ɗiyan zamani," ta ce. "Ganyen miya ma sai an gwada maku. Nemo jaki."

Muka bi ta gefen kasuwa. Ranar cinta ce, amma rumfunan hatsi babu kowa, sai shanu ramammu da masu su tsaye suna jiran wanda zai taya. Na riƙe igiyar jakin, ina waiwayen ta a kowane gangare, domin ta yi sauƙin da nake tsoron iska ma za ta iya kayar da ita. Safi tana gabanta a zaune, tsohuwar tana tsokanarta.

"Matsa, ke. Jakin mijina na, ba na ubanki ba."

"Na Baba na."

"Ji bakinta. Ubanki takarda gare shi, ina ya ga jaki?"

A kwarin ta nuna wa Balkisu yaɗiya a jikin wata aduwa, wadda Balkisu ta sha tsinka a gabana. Sannan muka zauna a inuwar gawon. Balkisu ta dama fura da nono, ta yi ta da ruwa-ruwa don ta yi sauƙin haɗiya, ta ajiye ƙwaryar a tsakiya da ludayi ɗaya. Na sha, na miƙa wa Safi, Safi ta sha ta miƙa wa tsohuwar. Na kawar da kaina ina kallon rijiya, amma kunnena yana wurin. Na ji ta sha, ta tsaya, ta ƙara sha.

"Ibrah."

"Na'am, Inna."

"Wagga dabara a lakwal anka koya maka ita?"

"Ta Balkisu ta."

"Na sani. Taka ba ta kai haka kyau."

Ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari. Da ludayin ya sake zagayowa ta karɓa, ta ɗan kurɓa, ta ce cikinta ya manta hanya, a yi masa a hankali. Na ji sanyi a raina irin wanda na daɗe ban ji ba. Na fara tsara yadda za mu riƙa fitowa kowace Lahadi, har da tunanin ko zan roƙi hutun wata rana a tsakiyar mako.

Sai ta kwance bakin zanenta. Nakiya ce a ƙulle, 'yar kaɗan.

"Inna," in ji Balkisu, muryarta ta yi ƙasa. "Nan gona ta."

"Gona ta. Amma gayyata ta kunka yi, ba wucewa nike ba. In taho hannu sake?" Ta ɓare ta ba Safi. "Gindin tulun na wanga. Ku ci da kyau, babu wata."

Ta juya tana kallon gabas, inda gonar mijinta take, fili fetal har gindin tudu. Ba ta ƙara shan furar ba.

A hanyar dawowa sai da na riƙe ta a kan jakin. Da muka iso, Balkisu ta shigar da ita ɗaki ta kwantar. Furar da ta rage tana da yawa, tsohuwar kuma ko zama ba ta iyawa. Balkisu ta juye ta a abin da ya fi kusa da hannunta, ta kai mata bakin gado. Sai da ta dawo ta tsaya a tsakar gida, ta dafe kai.

"Malam, cikin akushin na zuba."

"Je ki sauya shi."

Ta koma, ta dawo babu komai a hannunta.

"Ta tura shi ƙarƙashin gado. Ta ce in tahi, ita ka kawo shi."

Kwanakin da suka biyo, Balkisu tana shiga safe da yamma da kunu a moɗa, ta ba ta a baki, ta fito da moɗarta. Wannan Inna Haske ta yarda da shi, ta ce jinya ce, jinya ba ciyayya ba ce. Amma duk lokacin da aka ambaci akushin sai ta juya fuska bango. Ni kuwa a biro ina kwafe takardu ina kuskure, ina gogewa, hankalina yana kan abu ɗaya: babu gero a gidan, saboda haka babu abin da za ta daka. Da wannan nake kwantar wa kaina da hankali.

Wata safiya ina shirin fita, sai muka ji turmi ta bayan darni. Bugu ɗaya, shiru mai tsawo, sannan wani bugun. Balkisu tana ɗauke da tulu za ta rijiya, ta sauke shi.

"Mi take daka?" na tambaya.

Ta nufi ƙofa da sauri. Kafin ta zagaya, bugun ya tsaya.

Ta same ta zaune a ƙasa, ta jingina da turmin, taɓaryar a kwance kan cinyarta. Muka ɗauke ta zuwa ɗaki. Ta buɗe ido sau ɗaya, ta motsa baki, Balkisu ta sunkuya tana yi mata kalmar shahada. Kafin hantsi ya yi zafi ta cika.

Matan unguwa suka yi mata wanka, muka kai ta kafin azahar. Mutanen da suka raka ta ba su da yawa, domin a shekarar nan ana kai mutane kusan kullum. Liman ya ce a gidansa ma ita ta yi nakiyar sunan 'ya'yansa duka. Na buɗe buhun nan mai rubutun bariki, mata suka jiƙa geron suka daka gumba, yara suka yi layi a ƙofar zaurenta, kowa ya karɓa a tafin hannu.

Da la'asar Balkisu ta shigo da akushin, ta ajiye a kan tabarma tsakaninmu.

"Gehen turmin shike," ta ce. "Ta sha hurar duka, ta wanke shi. Tulun irin ta hwasa, ta kankare abin da ya maƙale a gindi. Gorar zuma ma ta ɗauraye ta da ruwa."

Na ɗaga faifan. Dunƙule ɗaya ne a tsakiyar akushin, bai kai ƙwan zabuwa ba, da ƙaiƙayi a jikinsa. Ba ta samu ta mulmula shi ba. Matsa shi kawai ta yi a hannu sau ɗaya ta ajiye, shatin yatsunta yana nan a kwance a kai.

Safi ta matso ta leƙa. Ba ta ɗauka ba. Ta miƙa hannu a hankali, ta jera 'yan yatsunta a cikin shatin, ɗaya bayan ɗaya.