Itacen Wankan Jego

Daga azumi maganar ta taso. Mairo ta yi azumin wannan shekarar talatin cif, ko ɗaya ba ta sha ba, kuma mace 'yar shekara talatin da biyu ba ta yin haka a Kano a ce ba wanda ya lura.

Ranar salla ta taso daga gidan mijinta da ke Tarauni ta zo gaida mahaifiyarta, Inna, a Gyadi-Gyadi. Mata sun cika tsakar gida ana ta rabon tuwo, ana tambayar juna kamar yadda aka saba, ke nawa kika sha, ke fa. Wannan ta ce shida, waccan ta ce ita tara, har da rantsuwa. Da aka zo kan Mairo sai ta ce, ba tare da ta yi tunani ba, ai ita bana ba ta sha ba. Gwaggo Jummai, ƙanwar marigayi mahaifinta, ta tsaya da mara a hannu. Ta dubi fuskar Mairo da ta ciko, ta dubi wuyanta, sannan ta juya ta dubi Inna. Inna ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zuba miya, amma duk wanda ya san ta ya ga bakinta yana motsi da hamdala.

Shekara bakwai ke nan da auren Mairo da Ƙasimu, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Sai kuma ga ciwo. Wani ɗan ƙulli ne ta ji a nononta na hagu, ta share shi wata da watanni, har sai da likita ya kira shi da sunansa, sankara. Aka cire nonon. Aka bi ta da ƙarin ruwa har sau shida, wani jan ruwa mai zubar da gashi da hana cin abinci. Ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya ɗauka da ganguna da hon ɗin motoci, ita tana durƙushe gaban baho tana amai, rediyon maƙwabta yana ta alkawarin sabuwar rayuwa. Tun kafin a fara ƙarin ruwan likita ya faɗa musu, ita da Ƙasimu, cewa maganin yana iya tsayar da jinin al'ada. Wasu yakan dawo musu, in ji shi, wasu kuma shi ke nan. Mairo ta ɗauki rabin farko na maganar ta adana, ta bar masa ragowar a ofis. Cikin damina jinin ya ɗauke, bai sake leƙowa ba.

Abin da ya zo a madadinsa zafi ne. Tana tsaye a gaban allo, a firamaren da take koyarwa, yara sun ƙudundune cikin rigunan sanyi, sai ta ji wuta ta kama daga ƙirjinta ta haura wuya ta mamaye fuska. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali, alli ya dame a yatsunta. Ta manta kalmar da take rubutawa. Gwiwoyinta suka riƙa ciwo kamar na tsohuwa, kuma abu kaɗan sai ta hau faɗa, ita da a da ba a jin muryarta. Ƙwayar da aka ɗora ta a kai kullum ta sa ta yi ƙiba. Ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta san da wane suna za ta kira abin ba.

Gwaggo Jummai kuwa tana da suna a shirye. Kwana biyu bayan salla ta hau acaɓa ta dira a Tarauni, da ƙullin tsamiya da goruba, ta zauna ta miƙe ƙafa ta fara bincike. Kina jin zafin jiki? Mairo ta ce e. Kasala fa? E. Saurin fushi? Mairo ta kau da kai. Gwaggo ta tafa hannu.

"Gwaggo, wallahi ba abin da kuke zato ba ne," in ji Mairo. "Maganin asibiti ne ya tsayar da shi. Likita ma ya faɗa."

"To, to, mun ji," in ji Gwaggo tana dariya. "Wa kika taɓa ji ta amsa cikin fari? Uwarki ma da take ɗauke da ke, har ta kai wata takwas tana ce mana wake ta ci ya kumbura ta. Ki yi ta musu, 'yar nan, haka 'ya'yan mutunci suke yi."

Nan fa Mairo ta ga inda aka ɗaure ta. Mai cikin fari ba ta faɗa, in an tambaye ta musawa take yi, wannan kowa ya sani. Don haka duk rantsuwar da ta yi, sai ta zama wata shaida. In ta yi kuka a ce laulayi ne, in ta ɓata rai a ce kunya ce. Mutum ɗaya da za ta iya zama da ita ta warware mata zancen tiryan-tiryan ita ce Inna, to ita kuwa Mairo 'yar fari ce. Inna ba ta kama sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta taɓa zama da ita hira ba. Ko lokacin da aka yi mata aiki, a bakin ƙofar ɗakin asibiti Inna ta yini da carbi, sai dai ta tura Gwaggo ta duba mata ko yarinyar nan ta farka. So yana nan, mai yawa ma, amma komai sai ya bi ta bakin wani kafin ya iso. Kuma bakin da yake bi ɗin shi ne na Gwaggo.

Ta wannan bakin ne saƙo ya isa ga Ƙasimu. An ce a gaya masa in wata na bakwai ya kama za a zo a ɗauki yarinya ta koma gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari, shi kuma ya fara tara itacen wankan jego tun yanzu, don ruwan kwana arba'in ba ƙaramin itace yake ci ba. Ƙasimu ɗan ƙaramin ma'aikaci ne a sakatariya, mutum mai sanyin hali. Yana wurin lokacin da likita ya yi bayani, da kunnensa ya ji. Amma a ce ya buɗe baki ya aika wa surukarsa cewa 'yarta ba ciki gare ta ba, jini ne ya ɗauke mata, ai gara a ce ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa.

"Kai ma ka san ba haka ba ne," in ji Mairo, ranar da ya faɗa mata saƙon suna cin abincin rana. "Ka je ka gaya musu."

Ya daɗe yana juya cokali a cikin shinkafa. "To in kuma haka ne fa, Mairo?" ya ce a hankali. "Likitan ai bai ce ba zai yiwu ba. Su manya sun fi mu sanin waɗannan abubuwa."

Ta ɗago ta dube shi, ta ga wani haske a idonsa da rabonta da ganinsa tun kafin ciwon. Ta so ta zage shi. Ta so kuma ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Ba ta yi ko ɗaya ba, ta tashi ta kwashe kwanuka. Ranar Asabar ya ɗauki hayar kura biyu, aka loda itace aka tura Gyadi-Gyadi, duk layin su Inna suka fito suna kallo, masu barka suna yi tun daga ƙofar gida.

Abin takaicin shi ne, ita ma sai ta fara yarda. Mutane goma ba za su yi ta gaya maka abu ɗaya, abin da ka shekara bakwai kana roƙon Allah, zuciyarka ta ƙi lallaɓawa ta bi su ba. Takan dafa mararta bayan sallar azahar ta ji kamar wani abu ya motsa. Ta daina ɗaukar bokitin ruwa. Sau biyu tana shiryawa za ta asibiti a duba ta, sau biyu tana cire mayafi ta zauna, domin muddin ba a duba ba to akwai sauran magana. Ana cikin haka Gwaggo ta aiko cewa Juma'a mai zuwa za su zo ɗaukarta. Wannan ne ya fitar da ita. Ba ta gaya wa Ƙasimu ba, ta nemi izini a makaranta, ta hau bas da sassafe.

Sista Patience ce a bakin aiki, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zonkwa, wadda ta riƙe mata baho a duk ƙarin ruwan nan shida. An riga an ɗebi jininta a zuwan da ta yi na baya don duba ciwon, sakamakon yana cikin fayil. Aka yi mata hoton ciki, likita ya duba, ya yi 'yan maganganu da Turanci ya wuce ga na gaba. Sista Patience ta ja ta gefe ta zaunar da ita a benci.

"Babu ciki, 'yar'uwata," ta ce. "Abin da yake samun mata in sun kai hamsin, shi ne ya same ki yanzu. Maganin ne ya jawo shi da wuri. Zafin nan da gumin nan, duk shi ne."

"Zai dawo?"

Sista Patience ta riƙe mata hannu. "Likita ya ce kada in sa miki rai. Amma ki duba, ciwon bai dawo ba. Wannan abin godiya ne."

Mairo ta ce alhamdulillahi, don haka ake cewa. Ta fito bakin titin Zariya. Bangon asibitin duk fastocin 'yan siyasa ne na zaɓen bara, sun koɗe suna ta murmushi. Gidan Inna ba nisa, sai ta tafi a ƙafa, tana tsara yadda za ta fara. Duk jimlar da ta haɗa sai ta ji ba irin wadda 'yar fari take faɗa wa uwarta ba ce.

Ta yi sallama ta shiga. Itacen yana jibge jikin katanga, an jera shi tsaf har ya kusa kai tsayin mutum. An aro babbar tukunyar ƙarfe an kife a gefensa. Inna tana zaune a kan tabarma cikin hantsi, lulluɓe da zane biyu saboda sanyi, tana tsince geron da za a yi kunun kanwa da shi. Ita kaɗai ce a gidan. Mairo ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta amsa tana kallon faifai.

"Ke kaɗai? Da wannan sanyin? Ai da kin jira an zo an ɗauke ki."

Mairo ta tashi daga durƙuson. Ta zauna a bakin tabarmar tana kallon hannun Inna yana kai da komowa cikin gero. Sai zafin ya taso, kamar yadda ya saba, ba sallama. Ya kama ƙirji, ya hau wuya, kunnuwanta suka ɗau wuta. Ta zame mayafi, ta ture ɗankwali baya, guntun gashin da ya fara tsirowa ya jiƙe sharkaf. Ta jawo murfin kwano ta shiga fifita da shi da sauri, tana buɗe wuyan riga da ɗaya hannun, tana numfashi ta baki.

Hannun Inna ya tsaya a cikin geron. A karo na farko ba ta bakin kowa ba, ta ɗago ta dubi 'yarta sosai. Ta dubi gumin da ke gangarowa ta bayan kunne, ta dubi yadda take fincikar wuyan riga. Inna ta ɗauki ciki shida, ta ga na wasu ba adadi, ta san gumin mai ciki. Wannan ba shi ba ne. Wannan ta san shi a jikinta, shekara goma da suka wuce, lokacin da take fitowa tsakar gida cikin sanyin nan ta zuba wa kanta ruwan randa, yara suna cewa Inna ta zautu.

"Daga ƙirji yake tasowa?" ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Mairo ta gyaɗa kai.

"Ya hau fuska, in ya sake ki kuma sai sanyi ya kama ki."

"E, Inna. Daga asibiti nake. Sun ce babu komai. Sun ce ba zai dawo ba."

Inna ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sau ɗaya, a hankali. Ta ajiye faifan. Ta miƙe da ƙyar, ta je randa ta tsoma gefen zanenta, ta dawo ta durƙusa a bayan Mairo, ta ɗora mata jiƙaƙƙen zanen a ƙeya, daidai inda ya kamata. "Ni sai da na haura hamsin," ta ce, kamar da wani take gardama. "Sai da na haura hamsin."

Ruwan ya gangara ta bayan Mairo. Kukan da ta riƙe tun daga benci ya ƙwace mata, ta bar shi. Da ya ɗan lafa ta ce, "Inna, yana wucewa?"

"Zafin yana wucewa. Nawa ya yi shekara huɗu, ya tafi."

"Son haihuwar fa? Shi ma yana wucewa?"

Inna ta ɗauke zanen ta matse, ta juya ɓangaren da ya fi sanyi ta mayar. Ba mace ce mai ƙarya ba, ko don lallashi.

"Wannan ban san shi ba," ta ce. "Ni da nawa ya zo, na riga na haife ku."