Jan Ɗigo a Shafi na Arba'in

Babban Akawu na farko, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ɗiga jan tawada a gefen sunan duk mai biyan bashi a kan lokaci, a shekarar da aka buɗe ofishinmu na lamuni. Magajinsa ya bi sawu. Ni ma na bi har shekara talatin da ɗaya, kuma ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Saboda haka ban yi mamaki ba da 'yar ƙanwata, wadda aikinta gwada na'urori masu basira ne, ta nemi in zama alƙali. Za ta nuna wa na'urar hoton jadawalin bashi daga tsofaffin littattafaina, ta yi mata tambayoyi, ni kuwa in yanke ko ta ci ko ta faɗi. Amsata ce ma'auni. Na sa babbar riga.

Shafi talatin da tara muka yi lafiya. A na arba'in aka tambayi na'urar mutum nawa ne amintattu, wato masu jan ɗigo. Ta ce shida.

"Bakwai ne," na ce. "Rubuta mata sifili. Ta tsallake mai injin niƙa."

"Kawu, ta ce ɗigonsa ba irin sauran ba ne."

"Ɗigo ɗigo ne. Tun ba a haifi uwar na'urar ba muke ɗiga shi."

'Yar ƙanwar tawa ta faɗaɗa hoton har ya cika allon. Sauran ɗigon shida jajaye ne, kewayayyu. Na mai niƙa ruwan ƙasa ne, da 'yar jela, ga wasu ƙanana biyu a bayansa.

"Kawu, a kan littafin kake shan shayi?"

Na ce magabatana ma a kansa suke sha.

Ta duba layin biyansa: sau tara yana makara. Ni kuwa sau huɗu na sabunta masa lamuni saboda wannan ɗigon, har na taɓa yabonsa a gaban kwamiti.

"In gyara sifilin?"

"Gyara," na ce, ina kallon taga. "Amma ki rubuta cewa alƙali ne ya gano."

Ba ta rubuta ba.

Ga abin da aka tashi da shi: na'ura ta ci arba'in cikin arba'in, ni talatin da tara. Mai niƙa ya riƙe injinsa. Ni na riƙe kujerar alƙali, bisa sharaɗin in riƙa zuwa da tabarau.