Buhun da Aka Rubuta wa Fiddausi

Kwana biyar kacal Mudi ya yi a asibitin Malumfashi yana jinyar mahaifiyarsa, amma da ya dawo Funtua ranar jajibirin Sallah sai ya tarar an mai da Mesa amarya. An shafe ta da koren fenti tun daga kai har wutsiya, an zana mata idanu sababbi, har da gashin ido, don iyayi.

Mesa dai jirgin wasa ce mai tarago huɗu, kowane da kujera biyu, a wurin shaƙatawar Alhaji Awaisu da ke hanyar Zariya. Layin dogonta yakan hau sama ya kai tsayin bene, ya gangaro a guje, ya sha wata muguwar kwana, yara na ihu. Gwanjo ce, ta gama ƙuruciyarta a ƙasar Turawa kafin a kawo ta nan. Shekara tara Mudi na fama da ita, da giris da walda da addu'a, kuma ko ɗan yatsan yaro bai taɓa karyewa a hannunsa ba.

Bai kalli fentin sau biyu ba. Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin taragon baya, ya laluba ƙananan tayoyin da ke riƙe jirgin ta ƙarƙashin dogo don kada ya tashi. Tsofaffin ne. Waɗanda ya ce a canza tun watan Sha'aban, su ne dai, an bi su da fenti su ma.

Ya fito ransa a ɓace, ga azumi a baki. Mus'ab manaja, ƙanin matar Alhaji, yana zaune a inuwa yana latsa waya.

"Ina sababbin tayoyin?"

"Ba su iso daga Legas ba, Malam Mudi. Amma kwantar da hankalinka, mun yi gwaji shekaranjiya. Sau goma ta zagaya lafiya lau. Ga buhunan can."

Ka'idar Mudi ce, kowa ya sani: kafin kowace Sallah sai ya ɗora buhun masara takwas, ɗaya a kowace kujera, ya zagaya da su sau goma. In Mesa ta ɗauki masara lafiya, to za ta ɗauki mutum. Ya nufi buhunan, ya kama ɗaya da hannu biyu ya yunƙura, sai ga shi ya kusa faɗuwa ta baya. Ya farke bakinsa. Buntun shinkafa ne.

"Buntu!" in ji Mudi. "Mus'ab, buntu kuka gwada?"

"To ai buhu buhu ne. Wa zai yi ta kinkimar masara da azumi?"

"Gobe buntu ne zai hau? 'Ya'yan mutane buntu ne?"

Hayaniyar ce ta fito da Alhaji Awaisu daga ofis, yana gyara babbar riga. Dillalin hatsi ne kafin ya zama mai wurin wasa, kuma har yau sito uku gare shi maƙare da masara a bayan katangar wurin. Ya saurari maganar da rabin kunne.

"Mudi, ka cika tsanani. An yi sanarwa a rediyo, mutane za su zo har daga Gozaki da Matazu. Jikokina ma su za su fara hawa bayan an sauko Idi. In ban yarda da jirgin ba zan sa su?"

"To a ba ni masara takwas."

"Masarar an ɗinke an jera. Ba za a wargaza min sito saboda wasiwasinka ba."

Mudi ya zaro makullin injin daga aljihu, ya ɗaga shi. "Alhaji, ko masara ta hau yau, ko kuwa in jefa wannan a dam ɗin Mairuwa, ka kai ni kotu bayan Sallah. Wallahi ba wasa nake ba."

Alhaji ya dube shi, ya ga idon ya kaɗa ya yi ja. Ya yi tsaki, ya ce a ɗauko. Ya kuma ƙara da cewa in an gama, Mudi ya ajiye makullin ya nemi wani wurin, shi ba a yi masa rantsuwa a cikin dukiyarsa.

Aka kira 'yan dako suka jido buhunan suna mita, aka zaunar da su, Mudi ya sauke wa kowanne ƙarfen riƙewa ya ja ya tabbatar ya kama. Sannan ya ɗauko gawayi. Duk shekara yakan rubuta sunayen 'ya'yansa a kan buhunan, don kada hannunsa ya yi sakaci. Matarsa ta sha yi masa faɗa a kai, bai daina ba. Yau kuwa zuciya ta ɗebe shi, ya rubuta sunayen jikokin Alhaji: Mahadi, Sadiya, Abdulrahman, haka har kujerar ƙarshe, inda ya rubuta Fiddausi, 'yar shekara shida, wadda Alhaji ke kira uwar gida.

"Kai! Wane irin mugun fata ne wannan?" in ji Alhaji. "Goge sunan jikokina!"

"Ba ka ce ka yarda da jirgin ba? To me ya dame ka?"

Bai jira amsa ba, ya murza makulli.

Mesa ta hau tana ƙas-ƙas-ƙas, ta gangaro, ta sha kwana, ta dawo. Sau ɗaya. Sau biyu. Mus'ab ya fara ƙirgawa da ƙarfi yana dariya, 'yan dako na taya shi. A na biyar Mudi ya ji wata 'yar ƙara da ba ta cikin waɗanda ya sani, ya kai hannu ga birki. Ya makara. A daidai kwanar nan wani abu ya ce ƙau, taya ta yi tsalle ta bugi katanga, taragon baya ya ɗaga ya karkace. Buhu ɗaya ya maƙale. Ɗayan ya suɓuce ta ƙarƙashin ƙarfen, ya juya a sama, ya faɗo kan siminti ya fashe.

Masara ta watsu har bakin ofis.

Mudi bai ji daɗin gaskiyarsa ba ko kaɗan. Takaici ya cika shi har ya ji kamar ya rufe kowa da duka. Ya kashe injin, ya zare makullin, ya je ya ajiye shi a gaban Alhaji a ƙasa.

"Ga shi nan. A kawo buntu a sake gwadawa."

Alhaji bai ko kalli makullin ba. Ya taka a hankali, yana kauce wa ƙwayoyin, ya durƙusa ya ɗago yagaggen buhun. Rubutun gawayin na nan, yagewar ta bi ta tsakiyar sunan Fiddausi. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa.

Mus'ab ya matso yana murje masara da takalmi. "Alhaji, ai da sauƙi. Sai a cire taragon baya, gobe a yi da ukun..."

"Ɗaga ƙafarka!"

Tsawar ta sa har 'yan dako suka ja da baya. Alhaji ya miƙe, buhun a ƙirjinsa, hularsa ta goce. Kajin maigadi sun riga sun ruga sun fara tsattsaga, sai ga Alhaji, dattijo da shi, ya bi su da gudu yana kaɗa babbar riga, muryarsa ta dusashe.

"Ku kore su! Kada wanda ya taka ta! Na ce kada wanda ya taka ta!"